Mary Ainsworth: Matar da ta koyo darasin raino a ƙauyukan Yuganda

A ƙasar Hausa idan lokacin yaye ya yi, sau da yawa ba a ɗakin uwa ake yin sa ba. Akan ɗauki yaro a kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa, ya yi kukansa ya gaji, har ya manta da nono. Wani ma daga nan ba ya dawowa, riƙo ya kama ke nan. Labarin irin wannan al'ada ne, amma a tsakanin Baganda na ƙasar Yuganda, ya ja hankalin wata baturiya mai suna Mary Ainsworth a shekarar 1954. So take ta ga da idonta abin da ke samun yaro ranar da aka raba shi da uwarsa. Da ta shiga ƙauyukan sai ta tarar yawancin gidaje sun bar al'adar. Ba ta tattara komatsanta ta koma ba. Sai ta nemi wuri ta zauna, ta shiga kallon abin da kowa ke gani kullum bai ɗauke shi a bakin komai ba, wato uwa da jaririnta a cikin gida. Yawancin binciken da ake yi yau a kan yadda wahala da kulawar farkon rayuwa ke gina ƙwaƙwalwar yaro, idan aka bi saiwarsa, sai an biyo ta wannan zama nata.

An haife ta ranar 1 ga Disamba 1913 a garin Glendale na jihar Ohayo a Amurka. Sunanta na gidan uba Mary Dinsmore Salter, ita ce babba cikin 'yan mata uku. A 1918 kamfanin da mahaifinta ke wa aiki ya mayar da shi Toronto a Kanada, can ta tashi. Gida ne na karatu, duk mako sai an je laburare an ɗebo littattafai. Ta fi shaƙuwa da mahaifinta, shi ke kwantar da ita barci yana rera mata waƙa. Tsakaninta da mahaifiyarta kuwa babu wannan ɗumi. Tana da shekara 15 ta karanta wani littafi a kan halayyar ɗan Adam, daga nan ta yanke abin da za ta karanta. Ta shiga Jami'ar Toronto a 1929 tana 'yar shekara 16, ta fita da digirin digirgir a 1939.

Malaminta William Blatz ne ya dasa mata tunanin da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta. A ganinsa yaron da ya tabbata yana da wurin komawa shi ne ke da ƙarfin zuciyar fita ya bincika duniya. Duk wanda ya san harkar fatauci zai gane wannan: wanda ya bar gida a tsaye ya fi nisa da natsuwa a tafiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse mata aikin jami'a. Ta shiga rundunar mata ta sojan Kanada a 1942, ta kai muƙamin manjo, aikinta tantance mutane da zaɓa musu aikin da ya dace da su. A 1950 ta auri Leonard Ainsworth, wanda zai tafi Landan ƙaro karatu, ta bi shi ba ta da aiki a hannu.

A Landan wata sanarwar neman ma'aikaci a jarida ce ta kai ta asibitin Tavistock, wurin wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna John Bowlby. Lokacin Turai cike take da yaran da yaƙi ya raba da iyayensu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa Bowlby rubuta rahoto a kansu, wanda ya fito a 1951. Abin da ya faɗa a ciki yau ba zai ba kowa mamaki ba, amma a lokacin ya tayar da ƙura: ƙaramin yaro na buƙatar dangantaka mai ɗumi, marar yankewa, da uwarsa ko wadda ta tsaya a madadinta, kuma rashin hakan na yi masa lahani ko da ana ba shi abinci da gado mai tsabta. Masanan wancan zamani sun ɗauka jariri na son uwarsa ne kawai don ita ke ba shi nono. Wani shahararren masani a Amurka, John Watson, har gargaɗin iyaye ya yi a 1928 da su rage runguma da sumbatar 'ya'yansu kada su sangarce. Asibitocin Ingila kuwa, idan aka kwantar da yaro, wasu sau ɗaya a mako suke barin iyaye su leƙo shi, wasu ma ba sa bari sam.

Abokin aikinsu James Robertson ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti ba uwarta, aka nuna shi a 1952. Yadda yake zama ya rubuta abin da yaro ke yi dalla-dalla, ba tare da ya yi gaggawar fassara shi ba, shi ya burge Ainsworth, ta ƙudurta idan ta samu dama haka za ta yi. Ra'ayin Bowlby na cewa shaƙuwar jariri da uwa halitta ce, kamar yadda 'ya'yan dinya ke bin uwarsu daga ƙyanƙyasa, wannan kam ba ta yarda da shi ba a lokacin. Har ta nuna masa tana jin zai zubar da mutuncinsa a idon masana.

Nan ma miji ne ya ja ta. Leonard ya samu aiki a cibiyar binciken zamantakewa ta Gabashin Afirka da ke Kampala, suka tafi. Ba a lokacin kwanciyar hankali suka isa ba, don Turawan Ingila sun kori sarkin Buganda, Kabaka Mutesa na Biyu, zuwa Landan a watan Nuwamba 1953, jama'a na cikin fushi da duk wani mai jan kunne. Shugabar cibiyar, Audrey Richards, ta lalubo mata 'yan kuɗin da za su ishe ta ita da tafinta. Ta koyi abin da ya sawwaƙa na harshen Luganda. Da taimakon masu unguwanni ta samu gidaje 26 a ƙauyukan da ke kewayen Kampala, akwai Kirista akwai Musulmi, da jarirai 28 da ba a yaye ba, saboda gida biyu tagwaye ne. Kowane gida takan ziyarce shi sau ɗaya a mako biyu, ta yi kamar awa biyu, wasu har tsawon wata tara.

Ba ta da na'ura sai ido da alƙalami. Yaushe yaron ya fara bambanta uwarsa da sauran mata? Idan yana kuka, hannun wa ke sa shi yin shiru? Idan uwar ta tashi ta fita, me yake yi? Ta lissafa alamomi sama da goma: bin uwa da ido, murmushin da ita kaɗai ake wa, ɗaga hannu a ɗauke shi, tafi idan ta shigo, cusa fuska a cinyarta, rarrafe a bi ta, da abin da mu muke kira ƙiwa, wato ƙin baƙo. Mu mukan ɗauki ƙiwa a matsayin aibin yaro, har a riƙa yi wa uwarsa tsiya. Ita kuwa sai ta gan ta a matsayin shaida cewa yaron ya san nasa.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yaron da ya fara rarrafe. Yakan sauka daga cinya ya nufi bakin ƙofa ko wani abin da ya ɗauki hankalinsa, ya waiwayo ya tabbata uwar na nan, ya ci gaba, can ya dawo ya taɓa ta, ya sake fita. Idan uwar ta ɓace masa, wasan ya ƙare ke nan. Ga maganar malaminta Blatz tana rarrafe a gabanta, ga kuma ta Bowlby da ta yi wa gardama. Kafin ta bar Yuganda ta sauka daga ra'ayinta.

Ta raba jariran gida uku. Goma sha shida hankalinsu kwance yake da iyayensu mata, kukansu kaɗan, wasansu da yawa. Bakwai sun shaƙu amma a ɗarare, suna yawan kuka ko suna jikin uwa, ba sa sakin jiki su yi wasa. Biyar ba su nuna sun ware kowa ba tukuna. Da ta duba iyayen sai ta ga matan da suka fi sanin 'ya'yansu, waɗanda idan ka tambaye su sai su zayyana maka halin yaron filla-filla, kuma suna jin daɗin shayarwa, su ne masu yara masu natsuwa. Iyayen masu yawan kukan kuwa, ba mugayen mata ba ne. Wata miji ya tafi ya bar ta, wata aikin gona ya sha kanta ba mataimaki, wata ta binne ɗa ga wani kwance da ciwon sikila. Damuwar uwa ce ke sauka a kan goyonta. A ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da ta gano, kuma shi aka fi mantawa idan ana ba da labarinta.

A 1955 suka koma Baltimore a Amurka, ta samu koyarwa a Jami'ar Johns Hopkins. Shekarun nan ba su yi mata daɗi ba. Ta so haihuwa ƙwarai, cikin da ta samu ya zube, ba ta sake samu ba. Auren ya mutu a 1960, ta faɗa cikin ciwon damuwa, ta yi shekaru tana ganin likita. A jami'ar ma an daɗe ana biyan ta ƙasa da maza sa'o'inta. Littafinta na Yuganda, Infancy in Uganda, sai a 1967 ya fito, shekara goma sha biyu bayan ta baro ƙasar.

Kafin nan, a 1963, ta maimaita aikin a gidaje 26 na Baltimore. Wannan karon ita da mataimakanta sukan je kowane gida duk bayan mako uku, su yi awa huɗu, tun daga makonnin farko har yaro ya cika shekara, kimanin awa 72 ke nan a kan kowane yaro. Alamomin da ta gani a Buganda ta sake ganin su, sai 'yan bambance-bambance: ɗan Buganda tafi yake yi idan uwarsa ta dawo, ɗan Amurka runguma. Daga nan ne ita da ɗalibarta Silvia Bell suka fitar da sakamakon da ya ba iyayen Amurka mamaki a 1972. Jariran da ake saurin ɗauka idan sun yi kuka a watannin farko su ne suka fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekara. Ɗauka ba ta sangarta su ba. Sun dai koyi cewa idan suka kira za a amsa, sai suka koma kira da ido da murya da miƙa hannu.

Akwai inda yaran Baltimore suka rikita ta. Sun saba uwa ta shiga ta fita, don haka a gida ba sa nuna damuwa kamar 'yan Buganda. Sai ta shirya wani ɗan gwaji na minti 20 a wani ɗaki na jami'a da aka zuba kayan wasa. Uwa ta shigo da ɗanta ɗan shekara guda. Baƙuwa ta shigo. Uwa ta fita, ta dawo, ta sake fita ta bar shi shi kaɗai, baƙuwa ta dawo, sannan uwa ta dawo. Kowane mataki minti uku, idan kuka ya yi yawa a gajarta. Masu bincike na bayan gilashin da ake gani ta gefe ɗaya suna rubutu.

Kowa ya zaci a fitar uwa za a ga bambanci. Ashe a dawowarta yake. Kashi biyu cikin uku na yara 106 da ta ba da rahotonsu a 1978 sukan nufi uwa, a ɗauke su, su huce, su koma wasa. Wasu kaɗan sukan manne mata suna kuma ture ta, lallashi ba ya shiga. Kamar ɗaya cikin biyar kuwa ko kallonta ba sa yi, suna ta juya abin wasa kamar ba abin da ya faru. Da farko har wasu sun ɗauka waɗannan ne jarumai. Da ta koma kan rubuce-rubucen ziyarar gida sai ta ga su ne masu yawan fushi da kuka a gida, kuma iyayensu mata ba sa son a manne musu a jiki. Daga baya wasu masu bincike suka auna bugun zuciyar irin waɗannan yara a cikin gwajin, suka tarar tana dukan uku-uku. Wasu a Jamus a 1993 suka auna sinadarin kotisol a yawun yara, wanda jiki ke fitarwa lokacin firgici, suka ga ya fi hawa ga waɗanda ba su da natsuwa da iyayensu. Yaron da ya yi shiru ba lallai ne ya huce ba, wani ya dai daina sa ran za a zo.

An soki aikinta, kuma wasu sukar na da tushe. Gida 26 ba yawa ba ne. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya dage cewa akwai halin da ake haifar yaro da shi, wani mai tsoro wani mai sanyi, ba komai ne laifin raino ba. Maganar kuka ma ba duk wanda ya maimaita binciken ne ya samu abin da ta samu ba. Sukar da ta fi shafar mu ita ce: ina matsayin gidan da yaro ke da uwa, da kishiyar uwa, da kaka, da 'yar raino, kowa na goya shi?

Wata amsa daga ƙasar Hausa ta fito. Robert Marvin, wanda ya yi mata aiki tun yana ɗalibi a Johns Hopkins, tare da Robert LeVine da Sarah LeVine da wasu, sun buga bincike a 1977 a kan jarirai 18 a wani gari mai kasuwa a arewacin Najeriya. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya, galibi uku ko huɗu, amma kusan kowanne yana da mutum guda da yake nufa idan abin ya yi tsanani. Wannan mutum shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa, kuma ba kullum ba ne mahaifiya. Duk wanda ya san alkunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa balle ta yi masa wasa a gaban mutane, ya san wa ke cike gurbin. Yawan hannu bai hana shaƙuwa ba, muddin hannayen ba sa canzawa kullum.

Inda hannun ke canzawa kullum shi ne gidan marayu mai ma'aikatan karɓa-karɓa, kuma a can aka ga abin a cikin ƙwaƙwalwa ƙuru-ƙuru. Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a Romaniya a Disamba 1989, duniya ta ga yara sama da dubu ɗari a gidajen gwamnati, jarirai jere a gadaje, ma'aikaciya ɗaya da yara fiye da goma. A shekarar 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bibiyar yara 136 a Bukares. Aka yi ƙuri'a, rabi aka ba da su riƙo a gidajen da aka horar, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara uku da rabi aka auna su da gwajin nan na Ainsworth: kusan rabin 'yan riƙo sun samu natsuwa da masu riƙonsu, a ɗaya ɓangaren kuwa abin bai kai ɗaya cikin biyar ba. Awon basira da na motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ma sun nuna 'yan riƙo sun yi gaba, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Dalilin a fili yake. A shekarun farko jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ƙulluwa da juna da sauri, kuma amsar da babba ke ba jariri idan ya yi gwaranci ko kuka ita ke nuna waɗanda za su ƙarfafa. Firgicin da aka daɗe ba a lallasa ba kuwa yana barin jiki a tsaye kamar mai gadi, ko bayan haɗarin ya wuce. Ba duk ɓarnar ce ta gyaru ba, amma da yawa ta gyaru.

Mutumin da ya zauna a Kilomita Biyar daga Disamba 2013 zuwa watannin da suka biyo baya ba ya buƙatar a fassara masa kalmar firgici. An yi goyo a harabar babban masallaci, an yi goyo a bayan manyan motocin da suka nufi Chadi da Kamaru, an yi yayen da ba a shirya ba. Jariran wancan lokaci yanzu suna makaranta, wasu a hannun kaka, wasu a hannun matar kawu. Ɗalibar Ainsworth, Mary Main, ita da Judith Solomon, sun ƙara rukuni na huɗu a 1986: yaron da idan uwa ta dawo sai ya rikice, ya nufe ta ya tsaya cak, ko ya je da baya. An fi ganin haka ga yaran da ake duka, amma Main ta gan shi har ga yaran iyayen kirki da ke ɗauke da rashin da ba su gama jimaminsa ba, waɗanda tsoron da ke fuskarsu ke tsorata ɗansu ba da saninsu ba. Shi ya sa masu aikin agajin da suka san wannan bincike ke fara tambayar halin mai goyon kafin su duba goyon. Ita Ainsworth ba ta taɓa cewa shekarar farko ta rufe ƙofa ba. Bibiyar da ɗalibanta da abokan aikinsu suka yi ta nuna natsuwar yaro na iya ƙaruwa ko raguwa idan halin gidan ya canza.

A 1975 ta koma Jami'ar Bajiniya da ke Charlottesville, ta yi ritaya a 1984, amma ta ci gaba da aiki har wajen 1992. Ɗalibanta sukan taru a gidanta ana muhawara har dare, kuma da yawa daga cikin manyan wannan fanni daga hannunta suka fito. Ita da Bowlby sun ci gaba da musayar wasiƙu da rubuce-rubuce har ya rasu a 1990. A 1998 gidauniyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ba ta lambar zinariya ta aikin rayuwa. Ta rasu ranar 21 ga Maris 1999 a Charlottesville bayan shanyewar ɓarin jiki, tana da shekara 85.